Yadda Ake Haɗa Hanyar Numfashin Inji Bayan An Sauya Murfin Bawul

Masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka, musamman masu injin V8 irin Chevrolet 350 ko Ford 302, murfin bawul yana cikin abubuwan farko da suke sauyawa idan mota ta shigo hannunsu. Sukan cire na asali, wanda yawanci fallen ƙarfe ne mai fenti, su ɗora na alminiyam mai sheƙi daga kamfanoni irin su Edelbrock ko Holley, wani lokaci don ado, wani lokaci kuma don sun sa rokoki masu tsayi, wato ƙarafan da ke danna bawulolin inji, waɗanda ba za su shiga ƙarƙashin tsohon murfin ba. Ɗaure murfin kansa bai taka kara ya karya ba, tun da noti huɗu ne a kowane gefe a injin Chevrolet. Wahalar tana wajen abin da tsohon murfin yake yi wanda ido bai cika lura da shi ba, wato ta jikinsa inji yake fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa, kuma ta jikinsa yake shaƙar iska mai tsabta. Sabon murfi yakan zo da rami ɗaya ko biyu, wani ma babu ko ɗaya, kuma sau da yawa cikinsa fayau yake, babu farantin da ke tare baƙin mai. Wanda ya ɗora shi haka nan, ba da jimawa ba zai ga mai yana tsatsafowa ta gasket, ko shuɗin hayaƙi yana fita ta salansa.

Abin da ake son cim ma

Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistin, wani ɓangare na hayaƙin yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara cikin inji, inda karanshaf yake juyawa a saman kaskon baƙin mai. Ko sabon inji yana yin haka, tsohon inji kuwa ya fi. Wannan hayaƙi yana ɗauke da fetur ɗin da bai ƙone ba da kuma tururin ruwa mai yawa, domin ƙona lita ɗaya ta fetur yana samar da ruwa kusan lita ɗaya, ko da yake mafi yawansa ta salansa yake fita. Idan aka bar shi a kulle, matsinsa zai tura mai ta duk inda ya sami rauni, kamar sil ɗin gaba da na baya na karanshaf, da gasket ɗin kasko, har sandar awon mai yakan ɗaga daga mazauninta. Ruwan kuma ya gauraya da mai ya zama dagwalo.

A dā, motocin Amurka bututu kawai gare su wanda ya sauko zuwa ƙasan mota, iskar gudu tana jan tururin waje. Idan mota na tsaye ko tana tafiyar cunkoso, bututun ba ya jan komai, sannan abin da yake fitarwa yana cikin abubuwan da suka turnuƙe sararin birnin Los Angeles. Daga motocin 1961 aka fara sa bawul ɗin PCV, wato bawul ɗin da ke daidaita fitar tururin cikin inji, a sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya, zuwa 1968 kuma rufaffen tsarin, wanda ba ya barin tururin ya fita waje, ya game Amurka baki ɗaya. Tsarin yana da ƙofa biyu. Ta ɗaya iska mai tsabta take shiga, ta ɗayar kuma manifol, wato bututun da ke raba iska da fetur zuwa silindodi, yake zuƙo tururin ta cikin bawul ɗin PCV, ya mayar da shi silinda a ƙone shi. Kamar ɗakin girki ne mai tagogi biyu da ke fuskantar juna: idan aka toshe ɗaya, hayaƙi ba ya fita yadda ya kamata ko da ɗayar a wangale take. Duk aikin da ke gaba, ƙoƙari ne na tabbatar da cewa ƙofofin nan biyu suna nan, suna nesa da juna, kuma baƙin mai ba ya bin ta cikinsu.

Bawul ɗin kansa ɗan ƙaramin abu ne, a cikinsa akwai tsinken ƙarfe mai tsini da sifirin. Idan inji yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, zuƙar manifol tana da ƙarfi sosai, sai ta ja tsinken ya kusa toshe hanya, tururi kaɗan ne yake wucewa. Idan ana tafiya a matsakaicin gudu, zuƙar ta ragu, sifirin ya mayar da tsinken baya, hanya ta buɗe. Idan aka take totur har ƙasa, zuƙar manifol takan kusa ƙarewa a daidai lokacin da tururin ya fi yawa, saboda haka ragowar sai ta juya ta fita ta ƙofar da iska ke shiga. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙofar shiga ma take buƙatar kariya daga mai. Idan kuma inji ya yi tari wuta ta dawo ta manifol, tsinken yakan koma baya ya rufe ruf, wutar ba ta isa cikin inji ba.

Kafin a kwance komai

Ka fara da duba tsarin da ke kan motar yanzu, ka ɗauki hotonsa da waya, ka bi kowane tiyo ka ga inda ya fito da inda ya ƙare. Shekarar injin tana da muhimmanci a nan. Ƙaramin V8 na Chevrolet ya fito a 1955, kuma waɗanda aka ƙera kafin 1968 ba ta murfin bawul suke numfashi ba. Suna da bututun zuba mai a gaban manifol mai hula da ke shaƙar iska, da kuma rami a bayan bulok kusa da distiributa inda tururi ke fita. A irin wannan inji, idan har waɗannan biyun suna aiki, murfi marar rami ya halatta. Amma idan an sauya manifol zuwa wanda ba shi da bututun zuba mai, ko bulok ɗin na baya-bayan nan ne, dole ƙofofin su dawo kan murfin bawul. Ka kuma duba yanayin notocin, domin har zuwa 1986 a gefen murfi suke, daga 1987 suka koma tsakiya, kuma murfin wannan ba ya hawa kan wancan.

Kayan da za a tanada su ne bawul ɗin PCV, da mashaƙa mai matata, wato hular da iska ke shiga ta cikinta, ko kuma gwiwar tiyo da za ta tafi gidan matatar iska, da zoben roba guda biyu, da farantin tare mai guda biyu, da tiyo, da kilif, da sabon gasket. Ramin mafi yawan murafan da ake sayarwa inci 1.22 ne, wato kusan milimita 31, amma ka auna naka da kanka kafin ka sayi roba. Robar da ake sa wa bawul ɗin PCV yawanci ƙofarta inci 3/4 ce, ta mashaƙa kuma inci 1. Ka lura da kaurin jikin murfin ma, domin robar da aka yanka wa tsagi don siririn falle ba ta zama daram a alminiyam mai kauri, sai ta riƙa fitowa. Tiyon da zai tafi manifol inci 3/8 ne, kuma dole ya zama irin wanda aka yi don tururin mai da zuƙa. Tiyon ruwan lagireto mai yana kumbura shi ya yi laushi, ranar da ya yi zafi sai ya lotse ya toshe hanya ba tare da an gani ba.

Farantin tare mai

A ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. Ka kifar da tsohon murfi ka duba cikinsa, za ka ga wani faranti ko ɗan akwatin ƙarfe da aka like a ƙarƙashin kowane rami. Lokacin da inji ke aiki, rokoki suna watsa mai ta ko'ina a cikin murfin, kuma da ramin a buɗe yake, bawul ɗin zai riƙa zuƙar ɗigon mai kai tsaye zuwa manifol. Farantin yana tilasta wa tururi ya karya kwana kafin ya isa ramin. Iska tana iya karya kwanar, mai kuwa da yake ya fi nauyi sai ya bugi ƙarfen ya gangaro ya koma ƙasa.

Wasu sababbin murafan suna zuwa da farantin a leda daban tare da ƙananan sukurori, kuma a cikin murfin akwai 'yan tudun da aka huda domin su. Ka wanke ramukan da fetur su bushe, ka ɗiga wa kowane sukuru gam ɗin kulle zare, sannan ka ɗaure. Kada ka tsallake gam ɗin, domin sukurun da ya kwance a nan cikin inji zai faɗa, kuma hanyar da mai ke bi ya koma kasko ita zai bi. Tsakanin faranti da rufin murfin a bar tazarar da iska za ta wuce sosai, kamar kaurin fensir, kuma ka tabbata ƙasan bawul ɗin PCV bai dafe a kan farantin ba idan aka tura shi cikin roba. Idan ya dafe, ka toshe ƙofar da hannunka ke nan.

Idan murfin bai zo da faranti ba kuma babu wurin ɗaure shi, akwai zoben roba mai ɗan aljihu a ƙasa wanda aka yi don ya tare mai. Ya fi babu, amma bai kai faranti ba, kuma a injin da ake ba wuta sosai yakan gaza. Abin da ya fi shi ne a kai wa mai waldar alminiyam ya like faranti da kyau. Wasu suna cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a ƙarƙashin ramin. Ban yarda da wannan ba, domin zarensa yana gutsurewa, kuma ƙarshensa famfon mai ne.

Bayan an ɗaure farantin sai a gwada ko roka zai taɓa shi. Ka manna ɗan curin lakar wasan yara a kan rokokin da ke daidai ƙarƙashinsa, ka ɗora murfin da gasket ɗinsa, ka ɗan ɗaure, ka juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, sannan ka buɗe. Kaurin lakar da ta saura shi ne tazarar da kake da ita. Idan ka ga ta matse har ƙarfe ya bayyana, sai an rage farantin, ko a sa gasket mai kauri, ko a nemi murfi mai tsayi. Murfi mai tsayi kuma yana da tasa rigimar, domin yakan tokari tulun burki, wato wanda ke ƙara wa burki ƙarfi da zuƙar inji, ko maɗaurin altaneta, saboda haka a gwada shi a kan mota tun kafin a huda shi.

Idan murfin ba shi da rami sam, a huda shi a kan benci, nesa da inji, a wurin da ya faɗo tsakanin rokoki biyu ba a saman ɗaya ba. A goge bakin ramin ya yi santsi don kada ya yanka roba, a wanke murfin da ruwan sabulu har sai babu ɓurɓushin alminiyam ko ɗaya.

Ɗora murfi da haɗa ƙofar fita

A injin V8, bawul ɗin PCV yana hawa murfi ɗaya, mashaƙa ta hau ɗayan. Ko dama ko hagu duk ɗaya ne ga inji, abin da ake so shi ne iska ta ratsa cikinsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. A ƙaramin V8 na Chevrolet murafan biyu iri ɗaya ne, saboda haka idan ramin na hagu ya faɗo ta gaba, na dama da kansa zai faɗo ta baya, kuma haka ake so. Idan aka sa su biyun a murfi ɗaya dab da juna, iskar za ta shiga nan ta fita nan, sauran cikin injin yana nan da tururinsa. Inji mai silinda huɗu ko shida a jere murfi ɗaya gare shi, a nan sai a nisanta ƙofofin iyakar iyawa, ɗaya gaba ɗaya baya.

A kankare tsohon gasket tas, a goge bakin kan silinda ya bushe. Notocin murfin bawul ƙanana ne kuma ba sa son ƙarfi. A ɗaure su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan zuwa na kishiyarsa, a tsaya a ma'aunin da littafin injin ya faɗa. Yawan ɗaurewa yana murƙushe gasket, yana lanƙwasa bakin falle, kuma yana iya tsaga kunnen alminiyam.

Yanzu sai tiyon zuƙa. Wurinsa shi ne babban bakin da ke gindin kafireto, ƙasa da faifan totur, inda zuƙar manifol take cikakkiya kuma abin da ya shiga yake rarrabuwa ga dukkan silindodi. A kafireton Edelbrock wannan baki yana gaba a tsakiya, na baya kuma na tulun burki ne. Ƙananan bakunan da ke gefe na distiributa ne, ba su isa wannan aiki ba. Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, a haɗa tiyon da bakin da ke kan reshen manifol guda ɗaya, sai silindar da ke wannan reshe ta sha iska fiye da sauran, filoginta kuma ya riƙa cika da mai. Na biyu ya fi haɗari, wato a raba tiyon tulun burki biyu a jona PCV a kai. Wannan yana rage wa burki ƙarfi, kuma tururin mai yana cin robar da ke cikin tulun. Tiyon ya zama gajere, babu lanƙwasa mai kaifi, babu kwarin da mai zai kwanta, kuma nesa da manifol ɗin salansa. Bawul ɗin ya tsaya a tsaye, bakinsa siriri yana kallon manifol.

Zaɓen bawul ɗin ma ba a yin sa da ka. Kowane bawul an auna sifirinsa da tsinkensa ne don wani inji takamaimai, ko da a ido duk kamarsu ɗaya. Lafiyayyen inji da ba a taɓa ba yana zuƙar inci 17 zuwa 21 na ma'aunin zaiba a silo, kuma a nan bawul ɗin da aka yi wa wannan inji ya wadatar. Injin da aka sa wa kamshaf na tsere kuwa zuƙarsa takan sauko zuwa inci 10 ko ƙasa da haka, sai bawul ɗin asali ya ɗauka ana tafiya ne, ya buɗe sosai, silo ya ƙi zama. Maganinsa shi ne bawul na injin da aka san zuƙarsa ba ta da ƙarfi, ko irin wanda ake saitawa da sukuru, kamar na kamfanin M/E Wagner.

Ƙofar shiga

Hanya biyu ce. Ko a sa mashaƙa mai matata a kan murfin kai tsaye, ko a ja tiyo daga murfin zuwa gidan matatar iska. Ta farko ta fi sauƙi kuma ita ake gani a motocin ado, amma idan aka take totur tururin da ya juyo waje yake fita, ya bar maiƙo a kan murfi da wari a cikin mota. Ta biyu ita ce rufaffen tsari, kuma ita na fi so ga motar da ake hawa kullum. Ga wanda motarsa take ƙasashenmu, akwai ƙarin dalili: duk iskar da ta shiga ta wannan ƙofa kan baƙin mai take sauka, kuma 'yar matatar mashaƙa ba ta daɗewa a ƙurar hunturu. A ɗauko iskar daga ɓangaren da ta riga ta ratsa matata.

Abin da ake yawan gani na sa mashaƙa biyu, ɗaya a kowane murfi, a toshe bakin kafireto da ƙusa, yana rage matsi amma ba ya share cikin inji, domin babu abin da ke jan iskar. Motocin tsere suna yin haka saboda suna sauya mai bayan kowace gasa, wasu ma famfon zuƙa na musamman suke sawa. Akasinsa, wato PCV ba tare da ƙofar shiga ba, yakan sa zuƙa ta yi yawa har sil ya riƙa kuka yana jawo ƙura.

Injin da ke aiki da injekta yana da ƙarin sharaɗi. Idan yana da na'urar auna iskar da ke shiga, tilas tiyon ƙofar shiga ya fito daga tsakanin na'urar da totur, domin kwamfutar mota ta riga ta ƙirga wannan iska. Buɗaɗɗiyar mashaƙa a irin wannan inji tana shigo da iskar da ba a ƙirga ba, fetur ya yi kaɗan, fitilar inji ta kama, na'urar bincike ta nuna lambar P0171, wadda ke nufin iska ta fi fetur yawa. A inji mai tabo (turbo) kuma manifol yana komawa matsi idan tabon ya ɗauka, saboda haka ana ƙara bawul mai hanya ɗaya a tiyon, a kuma mayar da ƙofa ta biyu gaban tabon. Injin dizal tsarinsa daban ne, wannan bayani bai shafe shi ba. Wasu motocin zamani kuwa bawul ɗin faifan roba ne da aka gina a cikin murfin filastik, kuma wanda zai sayi madadin irin wannan murfi a kasuwar kayan gyara ya gwada cikinsa da na asali kafin ya biya.

Gwangwanin tara mai, wanda ake sa wa tsakanin bawul da manifol, yana da amfani musamman a injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, inda babu fetur ɗin da zai wanke bayan bawulolin shiga. Sai dai ƙari ne a kan faranti, ba madadinsa ba, kuma dole a riƙa zubar da abin da ya tara.

Gwaji

A tayar da inji ya yi zafi, a bar shi a silo. Ka zare bawul ɗin daga roba tiyonsa na jiki, ka ɗora yatsa a ƙasansa. Ya kamata ka ji ya kama yatsan, ka ji ƙarar tsinken, gudun injin kuma ya ɗan sauya. Girgiza bawul a ji yana kacau-kacau yana nuna bai maƙale ba ne kawai, ba ya nuna ya dace da injin. Ka mayar da shi, ka cire mashaƙa, ka ɗora katin takarda mai kauri a kan ramin. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya kamata katin ya manne. Wanda ke da geji yana iya jona shi a bututun sandar awon mai ya toshe ƙofar shiga na ɗan lokaci, ya ga zuƙa 'yar kaɗan, kamar inci 1 zuwa 3. A inji mai kafireto a sake saita sukurorin silo, tun da yawan iskar da ke shiga ya sauya.

Bayan tafiyar da ta haɗa da gudu a babbar hanya, a zare tiyon a leƙa cikinsa. Danshin mai kaɗan ba laifi ba ne, amma idan yana ɗiga, farantin ne bai yi ba. A riƙa duba sandar mai a makonnin farko, a kuma leƙa ƙarƙashin hular zuba mai ko akwai farin dagwalo. Idan an tabbatar da faranti da bawul da tiyo duk lafiya, amma katin yana tashi sama maimakon ya manne, kuma hayaƙi yana bugowa daga ramin daidai da bugun inji, to tururin ya fi ƙarfin kowane bawul. A nan sai a auna matsin kowace silinda da geji, domin alamar ringi ne ko jikin silinda ya cinye, kuma gyaransu sai an sauke inji.